Gurbin Taɓarya Biyu

A Saji, can gefen Rano, sanyi yakan sauko da zarar an gama yankan dawa. A lokacin ne kakata, wadda muke kira Iya, take sa a tara kara a tsakar gida a hura wuta bayan sallar isha'i. Mu jikokinta mukan zauna a kewaye, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Ita kuwa tana kan tabarma, da tsohuwar ƙwarya a kife a gabanta. Ni take fara tsokana kullum.

"Kai, mijin banza, ko goro ba ka kawo mini ba, amma ka fi kowa matsowa kusa da wuta."

"Idan na girma zan sayo miki, Iya."

"Kafin ka girma haƙoran sun ƙare. Matsa can. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Sai mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta zauna, ta matan nan uku masu lugude.

Wai a wani gari da ke gindin dutse, akwai Delu da Kande da Tabawa, masu daka a gidan mai gari. Turmi ɗaya, taɓarya uku. Wannan ta sauke, wannan ta ɗaga, ta ukun ta cilla tata sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Da sautin dakansu garin yake sanin gari ya waye. Rannan wani bafade ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, baki uku a kan turmi ɗaya? Ai ɗaya ta isa." Sai aka sallami Kande da Tabawa, suka ɗauki taɓarensu suka bi bayan dutse. Aka bar Delu.

A nan Iya takan jawo ƙwaryar. Ta buga sau ɗaya da tafin hannu, sannan ta tsaya. Ta bar wurin bugu biyu babu komai. Ta sake bugawa, ta sake tsayawa.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Karan da ke cikin wuta ma kamar yakan daina ƙara. Wani dare ƙanwata ta kasa jurewa ta tafa hannu a cikin gurbin, sai Iya ta kama hannunta.

"Bari. Wurin nan ba naki ba ne. Yana da masu shi."

Haka Delu ta riƙa daka, in ji Iya. Bafaden ya yi ta yi mata faɗa ta yi sauri, amma hannunta bai san wani daka ba sai na mutum uku. Kuma ba ta ko ɗaga kai ta dubi dutsen, don kunya take ji: ita aka bari, su aka kora. Garin ya yi tsit. Mata suka daina waƙa a bakin rijiya. Sai wata safiya, ta sauke taɓarya ta tsaya kamar kullum, kawai ta ji daga bayan dutse: dum. Sannan wani: dum. Ashe Kande da Tabawa sun sami turmi a can, kuma tun ranar farko suna jin ta.

"Da ta cike gurbin da gaggawa," in ji Iya, "da ba za ta taɓa jin su ba."

Na ce, "To mai gari ya mayar da su?"

"Wa ya gaya maka tatsuniya kotun alƙali ce? Bai mayar ba. Ta ƙare, wutar ma ta ƙare. Ku tashi."

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Daga baya na sami aiki a wani gidan jaridar Hausa a Kano, a teburin gyara, inda ake duba kowane shafi kafin a kai shi ɗab'i. Mu uku ne. Ni nake karantawa da ƙarfi. Hajiya Binta tana duba sunaye da bayanan hotuna. Malam Sabo, dattijo mutumin Kibiya, yana bin rubutun da jan biro. Idan na kai ƙarshen sakin layi nakan tsaya, Hajiya ta ce "To," shi kuma ya ƙwanƙwasa tebur da gindin biro, ma'ana in ci gaba. Idan na yi gudu sai ya ce, "Yaro, jarida kake karantawa ko motar Rano kake kora?"

Shekaru muka yi a haka. Sannan mutane suka koma karatu a waya, aka rage shafuka, aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata. Wata Alhamis aka raba ambulan. Malam Sabo ya buɗe tasa, ya karanta har ƙasa kamar yadda yake karanta komai, ya ninke, ya sa biron a aljihu. Hajiya Binta ma ta samu. Ni ban samu ba.

Ba a cika faɗin halin waɗanda aka bari ba. Ɗakin labarai da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma kamar gidan makoki. Aka daina haɗa kai a sayo ƙosai da safe. Idan masinja ya shigo da takarda, kowa sai ya dubi allon kwamfutarsa. Ni kuwa wata huɗu ban kira Malam Sabo ba. Nakan nemo lambarsa, in dube ta, in mayar da wayar aljihu. Me zan ce wa mutumin da ya koya mini aikin da nake cin abinci da shi, alhali shi yana gida?

Amma bakina bai daina tsohon halinsa ba. Ni kaɗai a tebur, ina karatu ƙasa-ƙasa, ina tsayawa a ƙarshen kowane sakin layi. Edita ya ce, "Malam, me kake jira ne? Lokaci yana tafiya." A cikin irin wannan tsayuwar ce, wata la'asar, na ji ƙwaryar Iya a kunnena sarai.

Washegari na kai jaridar makon tasha, na ba wani direban Kibiya da ya san gidan Malam Sabo. Ban iya rubuta ko kalma ɗaya a kai ba. Bayan kwana uku direban ya kira ni in zo in karɓi saƙo. Jaridar ce ta dawo, tana warin albasa, shafi bayan shafi da jan biro. A ƙasan shafin farko ya rubuta: "Yaro, har yanzu gudu kake yi. Ci gaba."

A tashar na zauna a kan benci, na karanta gyaran nasa har ƙarshe. Da na gaya wa Hajiya Binta, dariya ta yi, ta ce, "To ni an raina ni ke nan?" Daga makon nan ita ma ta fara turo nata gyaran ta waya.

Damina biyu muka yi haka. Ba a mayar da su aiki ba, kamar yadda Iya ta faɗa a tatsuniyarta. Sannan wani mako jaridar ta dawo a ninke yadda na ba da ita, babu jan biro ko ɗigo. Direban ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Sai haƙuri. Jiya aka kai Malam." Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Iya.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta waɗanda aka kora ce. Ashe ta wadda aka bari ce, da abin da za ta yi da wurin da ya rage a gefenta. Wata huɗun da na yi shiru su ne nake nadama a kansu, don Malam Sabo tun ranar farko yana saurare.

An kawo wani sabon ma'aikaci teburin bana. Ran nan ya tambaye ni dalilin da nake tsayawa a ƙarshen sakin layi, ya ce ko ya riƙa ƙwanƙwasa mini tebur. Na gode masa. Na ce ya jawo kujera ya zauna, amma ya bar wurin nan, yana da mai shi.