Ajiyar Dogo a Hannun Baba Mai Hoto

Shekara talatin da wani abu, Baba Mai Hoto bai canja hali ba. Da safe zai goge kyamararsa da wani tsohon ƙyalle, ya rataya jaka, ya nufi inda talakawa ke neman abinci: bakin kasuwa, garejin makanikai, wajen masu fasa dutse. Sai ya yi kwana uku yana zaune ana hira bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Makanikai har tsokanarsa suke yi: "Baba, kyamarar nan tana aiki kuwa, ko ado ce?" Sai ya ce, "Ku dai bari ku manta da ni tukuna."

Dokarsa ɗaya ce: ba ya rataya hoton mutum a bainar jama'a sai mutumin ya gani ya yarda.

Wata shekara ya ɗauki Dogo mai kwasar shara yana tura baro cikin ruwan sama, ya jiƙe sharkaf, yana dariya har da kyakyatawa. Masu shirya baje kolin hotuna suka ce babu kamarsa, suka rataya shi daidai ƙofar shiga. Da safen ranar buɗewa Baba ya jawo Dogo ya gani. Dogo ya ƙare wa hoton kallo, sannan ya ce, "Wallahi na yi kyau. Amma Malam, 'yata ta faɗa wa ƙawayenta a makaranta wai a ofis nake aiki. Kada in kunyata ta."

Kujera Baba ya taka ya sauke hoton. Shugaban taron ya yi ta faɗa: "A kan mai shara za ka zubar da sunanka?" Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, kyamara ce tawa. Fuskar tasa ce." Haka aka yi kwana goma ana kallon ƙusa a bango, manyan baƙi suka yaba wasu suka wuce.

Bara Allah Ya yi wa Dogo rasuwa. 'Yar tasa, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta duba gida kaf ba ta sami hotonsa ba sai na katin shaida, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Makanikai ne suka tura ta wurin Baba. Ya buɗe akwati, ya lalubo ambulan, don yanzu idonsa ya yi rauni. A bayan hoton da ke ciki, tun wancan lokacin ya rubuta: "Ajiyar Dogo. Sai ya yarda." Da ta ji dalili, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Baba, kai ne mai jira har mutum ya saki jiki. Kai ne ka zaɓi mutuncin mai shara a kan tafin manya. Yau da ido ya sa ka ajiye kyamara, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu kuma masu ɗaga waya a fuskar kowa ba sallama, mu koyi tambaya.

A baje kolinsa na ƙarshe, watan jiya, hoton ya koma ƙofar shiga, wannan karon da yardar 'yar marigayin. 'Yar Dogo na tsaye a gefensa da kayan aikinta, duk wanda ya tsaya kallo sai ta ce, "Babana ne. Shara yake kwashewa."