Saboda Ƙwari Nake Son Ta

Shekara ashirin da uku Malam Gazali ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago bayan tsohuwar kasuwar Sakkwato. Duk wanda ya je hajji daga unguwarsu, ko ya nemi aikin gwamnati, ya taɓa zama a kujerarsa ta ƙarfe, jan ƙyalle a baya, Gazali yana ce masa ya ɗan ɗaga haɓa. Mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya, hannunsa ba ya riƙo. Kofin shayi, tabarau, waya, babu wanda bai sha ƙasa ba a hannun Gazali, kuma dangi kaf sun san shi da wannan.

Wannan halin ne ma ya sauya masa rayuwa. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, shagon ya koma wurin hamma. Wata rana gilashin kyamararsa ya suɓuce ya faɗi, ya ɗauka a firgice ya kara shi a baibai don ya ga ko ya tsage. Sai ga wani kiyashi a kan tebur ya cika masa ido, da kai, da baki kamar awartaki, har da gashi. Gazali ya daɗe a sunkuye. Tun daga ranar ya shiga farautar ƙwari: ƙuda, gara, ƙwaron wake, duk abin da mutane ke murjewa da ƙafa. Matarsa Ladi takan ce ita dai mai hoton alhazai ta aura, ba ta san ranar da aka musanya mata shi da mai hoton kiyashi ba.

Aikin yana da wata wahala da sai wanda ya gwada ya sani. In ka matso da ƙwaro kusa haka, wuri ɗaya tak ke fitowa sarai. Ido ya fito, ƙafa ta dushe. Ƙafa ta fito, fiffike ya zama hayaƙi. Don haka Gazali ya sa maƙeri ya yi masa wani ƙarfe mai noti, ya ɗaure kyamarar a kai. Ya murɗa notin kaɗan ya ɗauka, ya sake murɗawa ya ɗauka, har hoto saba'in ko tamanin na ƙwaro guda. Sannan kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. To, a nan ake yin ta. Kwamfutarsa ta tsufa, kuma ba ta shiri da zafin Sakkwato. Da ta ji nauyin aiki sai fankarta ta hau kuka, ta yi zafi kamar murfin tukunya, ta mutu.

Gazali yana da wa, Bawa, manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa. Shi ya riƙe Gazali bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon hoto, kuma shi ne ya fi kowa jin haushin wannan sabuwar sana'a. Bai taɓa yarda ya kalli hoton ko ɗaya ba. Yakan ce shi ƙwari sun ishe shi a gona, ba sai an nuna masa su a takarda ba.

Saboda haka Gazali ya yi mamaki ƙwarai ranar da ya ga Bawa a ƙofar shago da ganyen albasa a leda. Ganyen ya yi fari-fari, yana bushewa daga sama. Bawa ya ce sau biyu yana feshi, kowane mai magani da kwalbar da ya ba shi, abin sai gaba yake yi. Albasar nan kuwa ita ce cin gidansa na shekara, mutum goma sha ɗaya. Bai roƙi komai ba. Ya ajiye ledar kawai ya ce, "Kai da ka san su, duba ka gani wa na."

Gazali ya duba. Akwai wasu 'yan abubuwa a matsematsin ganyen, ba su kai ƙwayar gero ba, suna motsi. Bai san su ba. Amma ya san Dakta Sakinatu, wadda ya ɗauka hoton shiga firamare da hannunsa, yanzu kuma ta zama masaniyar ƙwarin amfanin gona. Ta tafi wani kwas Ibadan, sai ya kira ta. Ta ce abu ɗaya take so, ya ƙirga mata ƙafafun. In shida ne, maganinsa daban. In takwas ne, duk feshin da aka yi aikin banza ne. Ta kuma ja kunne kada Bawa ya sake fesa komai sai ta ga hoton.

Shida ko takwas. Ka ji abu mai sauƙi. Gazali ya ɗauki hoto tamanin da huɗu, ya ɗora wa kwamfutar, ta mutu. Ya kai ta gaban fanka, ta mutu. Ya ɗora ta a kan jiƙaƙƙen tawul, ta kai hoto na talatin ta mutu, wannan karon ba ta sake tashi ba. Ya duba hotunan ɗaya-ɗaya a bayan kyamara ko zai ƙirga da ido. A wannan ya ga ƙafa biyu, a wancan uku da wani abu da bai san ko ƙafa ce ko gashin baki ba.

Washegari ya shiga shagunan masu kwamfuta da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa, a nan kuma kansa ya kwance. Na farko ya ce masa ram ne komai, in ram bai kai sha shida ba kada ma ya tsaya. Na biyu ya yi dariya ya ce ram yaudara ce, firosesa ake dubawa. Na uku ya ce duk su biyun ba su san aiki ba, mai hoto katin hoto yake bukata. Gazali ya tambaya ko katin nan irin na cikin kyamara ne, aka ce a'a, wannan memori ne. Ya ce to ram ɗin fa? Aka ce shi ma memori ne, amma ba wancan memorin ba. Ya tambaya ko za ta iya haɗa hoto tamanin ba ta suma ba, mai shagon ya tabbatar masa ana buga wasan ƙwallo da ita ba ta ko tari. Shi kuwa Gazali bai zo buga ƙwallo ba.

Ya dawo gida da takarda cike da lambobi, takwas, sha shida, talatin da biyu, ɗari biyar da sha biyu, bai san wacce ta wace ce ba. Har akwai wani takwas da ya zagaye da biro, ya rasa ko na ram ne ko na ƙafafun Dakta. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in ya saya ba daidai ba babu na sake saye, ga kuma albasar Bawa tana ƙonewa.

Ladi ce ta tuna masa da ƙanenta Mansur, wanda ya yi shekara tara yana sayar da kwamfutoci a Ikko. Gazali ya kira shi. Hayaniyar kasuwa ta hana su jin juna, Mansur yana ta cewa, "Yaya, rubuto mini, rubuto mini." Gazali ba gwanin rubutu a waya ba ne. Ya yi ta dannawa yana gogewa, a ƙarshe ya tura masa: "Ka zabo mini kwamfuta. Saboda kwari nake son ta. Ba ruwana da kyau, kwari kawai." Mansur ya amsa nan take cewa an gama, a turo kuɗin kawai, ya san daidai wadda ta dace da Yaya.

Kwana uku kwali yana hanya a motar dare. A kwana ukun nan kunya ta hana Gazali zuwa Kwalkwalawa, amma labari yana iso shi cewa farin ya ci gefen gonar na gabas.

Da kwalin ya iso sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga shi. Abin da ya fito ciki bai yi kama da komai da ya gani a shaguna ba. Baƙa ce, mai kauri, kusurwoyinta huɗu an naɗe da roba, har da mariƙi kamar akwatin wanzami. Allonta ƙarami. Yana cikin jujjuya ta Mansur ya kira, murya cike da alfahari. Ya ce irin ta injiniyoyin fasa dutse ce, ko daga keke ta faɗo ba abin da zai same ta, rana ba ta dame ta ba, ruwa bai dame ta ba. Sauri ne dai ba ta da shi sosai, amma ai Yaya ba sauri ya ce ba.

Gazali ya rasa ta inda zai fara. Ya ce shi hoto tamanin zai haɗa. Mansur ya ce hoton fasfo tamanin ai ko waya ta yi. Gazali ya ce na ƙwari. Mansur ya ce to ai ƙwarin ne ya aiko. Hayaniyar kasuwa na cinye rabin maganar, suka yi ta zagaye a haka, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya ruɗe, har Ladi ta karɓi wayar ta buɗe saƙon ta karanta shi da ƙarfi. Ta sake karantawa da wata murya. Sannan ta zauna a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai ƙwari kac ce, masu tashi. Shi ko ƙwari yaj ji, na ƙarko. Kuma wa za ya ga laihinai? Kai na hwa, da ba ka riƙe ko cokali."

Da a baki aka yi maganar, ko jariri ba zai haɗa kalmomin nan biyu ba, don muryarsu daban. A rubuce kuwa abu guda ne. Mansur ya bar Sakkwato tun kafin zancen kiyashi, Gazalin da ya sani shi ne mai yar da kaya. Ya ba da haƙuri ya ce a maido ta ya musanya, mako guda ya isa. Gazali bai yi dariya ba ko kaɗan. Mako guda albasa ta gama.

Washegari da hantsi sai ga Bawa a shago. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya kalli baƙar kwamfutar, ya kalli ƙanensa, ya ce shi ya gaji da jiran likitar da ke Ibadan da ƙwaron da ke cikin akwati. Wani mai magani ya ba shi kwalba ta uku, gobe da safe zai fesa. Gazali ya roƙe shi ya ba shi zuwa la'asar. Bawa bai ce e ba, amma ya ja kujerar ƙarfen nan ta masu fasfo ya zauna.

Gazali ya zuba hotunan ya danna. Wani ɗan koren layi ya fito a allon, ya tsaya cik. Sai ka ƙura ido ka daɗe kafin ka yarda yana motsi. Wajen sha biyu aka ɗauke wuta, fankar shago ta tsaya, gumi ya jiƙe su sharkaf. Kwamfutar ko a jikinta, ta ci gaba da batirinta. Suka je azahar suka dawo, layin ya ɗan wuce rabi. Gazali ya taɓa bayanta yana jiran ya ji zafin nan da ya saba, ya ji ɗumi kawai. Shi kansa ya rasa ko murna zai yi ko takaici.

Can ya tashi zai miƙa wa Bawa ruwa, gefen rigarsa ya kamo mariƙin. Kwamfutar ta zame daga tebur ta daki siminti, tim. Gazali ya runtse ido yana salati. Bawa ne ya sunkuya ya ɗago ta, ya juya allon, ya duba.

"Tana tahiya," in ji shi.

Ana kiran la'asar layin ya cika. Allon ya yi baƙi, sannan abin ya bayyana gaba ɗaya, daga kai har gindi babu inda ya dushe. Jiki kamar ƙwai, ruwan ɗorawa, da ɗigo biyu masu duhu a baya, da 'yan jajayen idanu. Bawa ya matso da kujera. Ya sa yatsansa mai kaushi a kan allon ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bi daga ɗaya gefen. Takwas.

Dakta Sakinatu ta kira minti kaɗan bayan an tura mata. Ta ce dangin gizo-gizo ne, maganin da aka fesa ba nasa ba ne, ƙila ma ya kashe masu cinsa ne ya bar shi yana sheƙe aya. Ta faɗi irin wanda za a nema da yadda za a fesa shi har cikin matsematsin ganye. Da ta ji yadda gefen gabas ya yi, ta ce wannan kam a haƙura da shi, amma sauran za a iya cetowa. Bawa ya karanta mata sunan da ke jikin kwalba ta uku, ta ce ya mayar.

Saƙon Mansur ya shigo yana tambaya ko za a maido kwamfutar. Gazali ya kalli wayar ya kalli kwamfutar. Har yanzu bai san mene ne ram ba, bai kuma san ko kuskure aka yi masa ko gata ba. Abin da ya sani kawai, ba zai sake rubuta wa Mansur komai ba, da baki zai yi.

Bawa bai tashi ba. Yana nan zaune, ƙyallen nan ja a bayansa, idonsa a kan allon.

"Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin huskar mai ci min albasa ba sai yau." Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gazali, wanke min shi. Irin na fasfo, guda huɗu. In nuna ma mutanen hwadama."

Gazali ya miƙe tsaye. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Ya ce to, Yaya. Ya ɗauko takardar hoto, ta suɓuce ta faɗi ƙasa, Bawa ya tsince ta ya busa ya miƙa masa.