Makaɗin da Ya Tsere wa Waƙa

Merv Tregoning mijin yayata Noeline ne, kuma tun da na san shi bai yarda shekarar 1964 ta wuce ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adinai a nan Broken Hill, ko tunkiya bai taɓa kaɗewa ba. Ya gina gida da hannunsa, ya aurar da 'ya'ya mata uku. Amma ka tambaye shi me ya yi a duniya, sai ya ce maka shi makaɗi ne.

Ga yadda aka yi. A waccan shekarar Duke Varley ya zo garinmu, mawaƙin rok ɗin nan da in ya karkaɗa ƙafa 'yan mata ke zubewa sumammu. Mai buga masa ganga ya je ya ci jatan lande, a garin da sai ka wuni a mota kafin ka ga teku, don haka da lokacin wasa ya yi yana can banɗaki yana ganawa da cikinsa. Aka yi cigiyar wanda ya iya ganga. Merv, ɗan shekara sha tara mai kiɗan badujala a ƙungiyar mahaƙa, ya ɗaga hannu. Waƙa uku ya buga kafin mai gangar ya rarrafo ya karɓi kujerarsa. Minti takwas, in ji Merv. A kansu ya ɗora sauran rayuwarsa.

Ni aski nake yi, saboda haka a gabana gashinsa ya tashi daga zankon zakara ya koma 'yan silalla da yake lallashi da mai. Umarninsa dai bai canja ba.

"Kada ka taɓa min na gaban, Lyle."

"Wane na gaban?"

"Yi aikinka, ɗan baƙin ciki."

Maganarsa ma duk ta zamanin garmaho ce. In shayi ya yi salam, to "bayan faifai" ne, wato waƙar da ake cike gurbi da ita. Gwamnati bayan faifai ce, haka biyu daga cikin mazajen da 'ya'yansa suka aura. In Noeline ta sake tuna masa gyaran famfo, sai ya ce allurarta ta maƙale. Duk mawaƙin da ya fito bayan Duke kuwa, injin wanki ya fi shi murya. Tun muna dariya har maganganun suka kama bakin gari. Na ji wata matashiyar likita da ba ta taɓa ganin garmaho ba tana kiran wani magani bayan faifai. Mu ma muka ƙara namu. Duk wanda ya ɗan taɓa abu sau ɗaya ya ishi jama'a da labari, sai a ce ya buga ukun Merv. Shi ya ɗauka kirari ne, kuma ba wanda ya ga dalilin gyara masa.

Sai a 2016 aka manna takarda a kulob ɗinmu: Duke Varley zai yi wasa ranar Lahadi, ƙarfe biyun rana, da shayi da biskit.

"Biyun rana?" in ji Merv. "Rok da rana tsaka?"

"Masoyansa ƙarfe bakwai suke kwanciya, tsoho," in ji Noeline. "Har da kai."

Ya fito da jar kwat ɗinsa da rabonta da haɗuwa a kan tumbinsa tun haihuwar 'yarsu ta fari. Noeline ta ja ni gefe. "Mutumin nan ba zai tuna shi ba. In ka ga Merv ya tsaya yana zare ido, ka fara tari ka dafe ƙirji, mu fita da kai."

Duke ya fito da sanda, gashi baƙi wuluk kamar takalmin ɗan sanda. Ƙafar tana nan tana karkaɗawa, sai dai yanzu ba ta jiran umarni. Matan da a da suke suma, biyu daga cikinsu suka yi gyangyaɗi. Bayan waƙa ta huɗu aka kawo masa kujera, ya zauna yana haki.

"Broken Hill!" ya ce. "Kun san sunan garinku karin magana ne a wurin makaɗa? Daga Perth har Cairns, wato wannan bakin ƙasar har wancan, in mai ganga ya fara gudu sai a ce masa, kai, kada ka yi mana Broken Hill. Ni na ƙirƙiro ta. Na taɓa zuwa nan aka ba ni aron wani dogon yaro mai kunnuwa kamar marfin tukunya. Ya fara waƙar soyayya kamar mutum, kafin baiti na biyu ka ce kare ne ya biyo shi. Waƙar minti uku muka gama a ɗaya da rabi. Mai gangata yana banɗaki ya ji abin da ake yi, ya ce gara ya mutu a kan dandamali. Yaron nan ne ya warkar da shi."

Ashe minti takwas ɗin ma da ƙari a ciki.

Mutum ɗari biyu suka juyo suna kallon Merv, ba mai ko motsi. Na fara tarina, Noeline ta mintsine ni, don bakin alƙalami ya riga ya bushe. Merv ya miƙe, kunnuwan nan sun yi jajur.

"Ni ne," ya ce.

Duke ya gyara tabarau ya leƙo. "Kunnuwan! Na rantse su ne!"

"Ba ni na yi sauri ba," in ji Merv. "Ku ne kuka yi nawa."

Ɗakin ya ɓarke. Duke ya yi ta dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ya roƙe shi ya hau ya taɓa ganga, Merv ya ce kafaɗarsa ba ta ɗaguwa, wanda ƙarya ce. Bayan wasa suka zauna su biyu kusan awa guda. Na matsa kusa don in ji sirrin rok, na tarar suna gardamar wane likita ya fi iya aikin gwiwa.

A mota, da muka kusa gida, Merv ya kira sunana.

"Lyle, daga Perth har Cairns ya ce?"

"Haka ya ce."

"Shekara hamsin da biyu suna kiran abin da na yi."

"Ai zagi ne, Merv," in ji Noeline.

Ya waiwayo ya dube ni. "Kai an taɓa zaginka a Cairns?"

Na amsa gaskiya, ba a taɓa ba.

Duk da cika bakin, abin ya sosa masa rai. Kwana goma bai ambaci faifai ba, har famfon ya gyara, abin da ya tsorata Noeline. Daga nan ya fito da gangunansa daga rumfar bayan gida, ya je wurin Misis Pascoe, tsohuwar malamar kiɗa ta firamare, ya ce ta koya masa ƙirga. Duk Talata za ka ji su: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ita kuma tana buga rula a tebur tana cewa, "Ina za ka, Mista Tregoning? Gobara ake yi?"

Yanzu shi ke kiɗa a gidan tsofaffi duk Juma'a da la'asar, in an ture kujeru don rawa. Har yau yana gudu. An ajiye wata ma'aikaciya kusa da shi tana ɗaga masa hannu in ya fara, shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce, sai ya gyaɗa mata kai. Tsofaffi biyu sun kai ƙara ofis. Amma wata mai shekara casa'in da ɗaya ta bi su da kekenta na guragu ta ce rabonta da yin gumi tun mijinta na da rai, kuma duk wanda ya canja mata makaɗi, da ita zai yi.