Ranar Da Goggo Ta Matsi Lin

A shekarun da kowa a Yaoundé yake kukan matsin tattalin arziki, yana ambaton "kiriz" kafin ya amsa gaisuwa, yayata ta daina fita. Sakatariya ce a wani ofis har ranar da aka rage ma'aikata, ta dawo gida da takalmanta masu tsini a leda. Amma ba korar ce ta zaunar da ita ba. Man shafawarta na Faransa ya fi ƙarfinta bayan an karya darajar kuɗin sefa, sai ta koma wa wani na bilicin da ake aunawa da cokali a kasuwar Mokolo. Cikin wata biyu ya ƙona mata kumatu, ya bar tabo baƙi dama da hagu. Daga nan ko shagon ƙofar gida ba ta zuwa. In aka yi sallama sai ta shige ɗaki ta saki labule. Abin yana cin raina, don wannan yayar ita ce ta koya mini tafiya da kai a sama.

Gidanmu a unguwar Briqueterie gidan ƙuli-ƙuli ne. Goggo, ƙanwar babanmu, ita ke yi wa rabin masu soyan layinmu, wato masu tsire, ƙulin da suke haɗa yaji da shi. Mace ce da ba ta taɓa cewa "ban sani ba" ko da wasa. Akwai wata tsohuwar nas daga unguwar Cité Verte, Madam muke ce mata, da ke zuwa sayen man gyaɗa duk Asabar. Da Goggo ta kai mata kukan Yaya, Madam ta ce a jefar da bilicin, a nemi man lin, wanda ake matsowa daga 'ya'yan wani tsiro, a ɗiga kaɗan cikin man kaɗe a riƙa shafawa. Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, Goggo ta tare ta, wai in dai mai ne ai an zo gida.

Ni aka aika farmasi, wato kantin magani. Da na ji farashin 'yar kwalbar sai na fito da baya ina murmushi. A Mokolo kuwa na tarar da 'ya'yan lin ɗin kansu wajen mai abincin tsuntsaye: ƙanana, masu santsi da sheƙi, kamar riɗi ya sha rana. Na cika leda na dawo ina jin kaina likita.

Goggo ta ɗaura zani a ƙirji, ta bi da su hanyar gyaɗa. Ta soya, muka daka, ta zuba ruwan zafi ta fara murzawa don mai ya taso. Mai bai taso ba. Yauƙi ne ya taso, wanda ya fi na karkashi. In ta ɗaga taɓarya sai zare ya biyo ta har kafaɗa. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara kumbura, ya fara leƙowa bakin turmi. Ta yi wa 'ya'yan lin zagin da ban taɓa ji ta yi wa mutum ba, har ta haɗa da tsuntsayen da ke cin su. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, wata Bafulatana tana tambaya ko za a sam mata na miya. Ni dai ina zaune a ƙasa riƙe da ciki don dariya. A cikin hayaniyar nan na ji wata 'yar dariya ta fito daga bayan labule, na yi kamar ban ji ba.

Washegari Goggo ta sake dabara, ba tare da ta yarda jiya ta yi kuskure ba. Aka daka babu ruwa, aka ƙunshe a tsumma, aka danne da dutsen niƙa, aka ce in hau in zauna. Wuni guda ina bisa dutse kamar kaza kan ƙwai, kafin muka sami abin da ya rufe gindin kofi. Goggo ta kwaɓa shi da man kaɗe, ta ɗora gwangwanin a kan kwanon ɗaki, wai duk haɗin da bai sha ranar kwana bakwai ba bai nuna ba. Daga baya ne muka san abin da Madam ta so faɗa: man lin ba ya son wuta, ba ya son rana, a kwalba mai duhu ake ɓoye shi wuri mai sanyi. Mu kuwa mun soya shi, mun kuma shanya shi.

Ranar da aka buɗe gwangwanin, ƙarni ya tashi kamar an manta da kifi a aljihu. Goggo ta toshe hanci tana cewa ƙarfin maganin ke nan. Yaya ta fito tsakar gida, ta zauna kan tabarma ta miƙa fuska, muka lafta mata. Ba a jima ba kyanwa ta farko ta diro daga katanga. Ta biyu ta shigo ta ƙofa. Kyanwoyin masu soya ne, marasa kunya, sun saba da mutane. Kafin Goggo ta rarumo tsintsiya sun kai biyar, ɗaya har ta haye cinyar Yaya ta lashi kumatunta.

Yaya ta yi dariya har ta kwanta. Can dariyar ta juye ta zama kuka, ni ma idona ya cika. Ba ta daɗe ba ta miƙe, ta wanke fuska sau uku da sabulu, ta shiga ɗaki. Da ta fito, takalman nan masu tsini ne a ƙafarta, gyale kuma a kafaɗa, bai rufe komai ba.

"Goggo, ku biyun nan kashe ni za ku yi," in ji ta. "Ni zan je in tambayi Madam da bakina."

Na suri mayafi na bi ta. La'asar ce, hayaƙin soya ya cika layi, teloli sun fito da kekunansu bakin baranda. Sabulu bai kashe ƙarnin ba, don kyanwa uku sun jeru a bayanmu. Yaya tana tafiya ƙwas-ƙwas, amma ta damƙe hannuna gam. Ba ta juyo ba ta tambaye ni a hankali ko ana kallonta.

"Ana kallo, Yaya," na ce, "amma 'yan rakiyarki ake kallo."

Ta waiga ta gan su. Wani tsohon tela ya ɗaga hannu ya ce mata kwana biyu, ta amsa masa da ƙarfi, fuska a sake. Tabon bai taɓa gogewa duka ba, har yau yana nan kaɗan a hagu. Da shi ta wuce masu soya, da shi ta tare mana taksi a bakin titi.