Tafiyata a Takardar Malam

Jiya jikata ta nuna mini desan anime, wato katun, a salularta, wanda na'ura ke zanawa. Mutanen ciki sumul suke, amma ban ga mai kama da kowa ba. Na yi ta kuka, na ce ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa.

Maigidana Malam mai zanen allon butik ne, wato allon shago, a Zongo. In babu aiki yakan yayyanka takardar buhun siminti, ya zana mutum ɗaya ganye bayan ganye, ya murza su da babban yatsa, sai ka ga mutumin yana tafiya. Hannunsa kullum warin fenti da kananzir yake.

Shekarar fari, da soji suka fara rabon jar dawa, nakan lulluɓe fuska in shiga layi a ɓoye, don maƙwabta na ganin mu masu rufin asiri ne. Sai Malam ya zana layin nan, ya murza wa mutane a ƙofar gida. Wata maƙwabciyarmu Bazabarma ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya: "Wannan mai jan ƙafar hagu ai ke ce! Ashe ku ma?"

Na shige ɗaki kamar in nutse. Da ya shigo na ce, "Malam, ka tona mana asiri."

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban zana fuska ba. Hannun ne bai san tafiyar wata mace ba sai taki."

Har yau in na tuna dariyar nan sai in rufe ido don kunya, amma shi ban taɓa iya riƙe shi a zuciya ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya kai ni inda yake.