Taku Bakwai Daga Bangon Gwaggo

Sau uku Gwaggo tana sa a yi wa bangon falonta fenti cikin shekara biyu, sau ukun kuma yana kumbura daga ƙasa, ya ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya, yawanci a ɗakin wankin ciwo, shi ya sa har yau mutanen layinmu duk Sista suke ce mata. Ni kuwa Malama Shiru take kirana, wai tun ina jaririya sai an leƙa ake sanin ina cikin ɗaki. Duk Asabar ina gidanta. Falonta ƙarami ne, amma ba abin da ke zaune a cikinsa da ka. Kujerun ta ɗinka musu riguna da tsohon labule. A kan taga ta jera kwalaben magani da ta wanke, kowace da reshen fure a cikin ruwa. Bangon nan ɗaya ne ya ƙi jin magana.

Da mai fenti ya zo karo na huɗu, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Sista, bangon nan naki shan fenti yake kamar shayi. In na sake zuwa sai dai in taho masa da burodi."

"Ajiye buroshinka," in ji ta. "Ciwon da na wanke sau uku bai kame ba, na san ba a fata yake ba."

Ta ɗora bayan hannunta a kan bangon, yadda ake jin zazzaɓin yaro. Ta matsa sama, ta dawo ƙasa. Ƙasan sanyi ƙalau. Ta sa takalmi ta zagaya bayan falon, muka bi ta. Can bishiyar lemon tsaminta take, tsakaninta da bango bai fi kamu biyu ba, ga ramin ban ruwa da ta kewaye ta da shi. Bokiti biyu take juye mata kowace safiya. Shekara shida ke nan bangon yana shan rabonsa.

"Ashe ni ce ciwon," ta ce.

Bishiyar nan ta girme ni. Daga ƙwallon lemon da ta matse a shayi ta fito, a cikin gwangwanin madara, a tagar ɗakin haya na farko da Gwaggo ta kama. Daga gwangwani ta koma bokiti, daga bokiti ta koma rabin duro. Gidan haya huɗu suka yi tare. Ranar da Gwaggo ta tare a gidan kanta, kafin ta shimfiɗa katifa sai da ta sa bishiyar a ƙasa. A kusa da taga ta sa ta, don ta riƙa jin ƙamshin furen daga kujerarta. Ba wanda ta tambaya.

Aka kira magini. Ya ƙwanƙwasa, ya tona, ya ce sai an haƙe gindin bangon an sake masa siminti kafin damina, in ba haka ba wata rana zai zauna. Bishiya kuma ba ta da wurin tsayawa a nan.

Baba ya ce, "Yaya, a sare ta kawai. Gobe zan kawo miki dashe biyu, masu saurin haihuwa."

"Kai ma da kana yaro kuka ne aikinka, ba wanda ya ce a canzo wani."

"To ya za a yi? Babbar bishiya ba ta tashi."

"Tana tashi. Ba dai rana ɗaya ba."

A asibitinsu na da akwai wani dattijo mai kula da shuke-shuke, ta taɓa ganin yadda ya ɗauke wata bishiya daga inda za a yi gini. Ba tumɓuke ta ya yi ba. Rabin da'ira ya haƙa a gindinta, ya yanke saiwoyin gefen, ya mayar da ƙasa mai laushi, ya tafi harkarsa. Bayan sati shida, lokacin da sabbin ƙananan saiwoyi suka tsiro a kusa da gindi, ya dawo ya haƙa ɗaya rabin. Wani sati shidan, sannan ya ɗaga ta. Gwaggo ta ƙirga a kalanda. Sati goma sha biyu. Damina kuwa saura kamar sati goma sha huɗu, in ta ga dama ta jira.

Ba ta yarda kowa ya yi mata haƙan ba, wai su sara za su yi, ita kuwa yanka take so. Gwiwoyinta ba sa son tsuguno, don haka a kan 'yar kujera take zama, da ƙaramar fartanya da wuƙar kicin da ta wasa. In ta iske saiwa sai ta share ƙasar jikinta da yatsa, ta yanke ta sumul, ta shafa toka a bakin yankan. Kwana huɗu rabin farko ya ci mata. Hannunta ya yi kanta, bayanta ya ƙage, ta sha magani ta koma.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne tsinke 'ya'yan. Bishiyar ta yi lodi a shekarar, ga fure na biyu yana fitowa. Ta ce wanda za a yi wa aikin tiyata ba a barinsa da kaya a ka. Ta tsinke su tas, manya da ƙanana, har furen. Kwando biyu. Ta raba wa maƙwabta ɗaya. Ɗayan ta tsaga kowane lemo gida huɗu, ta cusa gishiri, ta danna su cikin kwalabe har ruwansu ya rufe su, ta jera a saman kabad. Kicin ɗin ya yi kwanaki yana ƙamshi.

Da sati shida ya cika ta haƙa ɗaya rabin. A sati na goma hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Sai ga tsaga siririya ta hau bangon daga ƙasa. Asabar ɗin nan Baba ya shigo da gatari a hannu, magini na biye da shi. Gwaggo ta ja 'yar kujerarta ta zauna a gaban bishiyar.

"Yaya, don Allah ki tashi. Gida ne fa zai faɗi saboda lemon tsami."

"Saura kwana goma sha huɗu."

"Ruwan sama ya san kalandarki?"

"Bai sani ba. Shi ya sa na sayo leda." Ta nuna wata doguwar leda a naɗe. "Magini, in aka rufe gindin bangon aka danne da bulo, aka yi wa ruwa hanya, zai kai sati biyu?"

Magini ya dubi Baba, ya dubi tsagar. "Zai iya kaiwa, Sista. In aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, ban ce ba."

"Na ji. In ya zauna, nawa ne, ni na dasa ta a nan." Ta juya wurin Baba. "Asabar ta sama ka zo da buhu da igiya. Gatarin ka bar shi a gida."

A ranar ta kwashe kujeru da kwalaben furenta daga falon, ta kulle shi. Ruwa ya sauko sau ɗaya cikin kwanakin, yayyafi mai ɗan kauri. Tsagar ta ƙara tsawon yatsa, ta tsaya.

Ranar tashi, Gwaggo ta yi wa gefen bishiyar da ke kallon gabas alama da alli, don a sabon wuri ma ta fuskanci rana yadda ta saba. Ta naɗe dunƙulen ƙasar gindin da buhu, zagaye bayan zagaye, kamar bandeji. Baba da magini da direban da ke maƙwabtaka da ita suka zura tsohuwar ƙofa a ƙarƙashi, suka ja. Taku bakwai ne kacal zuwa sabon ramin, amma sai da suka huta sau uku.

"Yaya, wannan 'yar taki ta fi ki nauyi," in ji Baba yana haki.

"Ta fi ka haƙuri dai. Juya ta, allin na kallon kudu."

Washegari magini ya fara aikinsa. Bishiya kuwa ta fara zubar da ganye. Cikin sati uku ba ko ɗaya a jikinta. Direba ya leƙo ta katanga ya ce in itacen ya gama bushewa a tuna da shi. Kullum da safe Gwaggo takan kankare ɓawon wani reshe da farce, ta duba, ta koma ciki. Wata Asabar na kasa daurewa na tambaye ta me take gani.

"Zo ki gani da idonki, Malama Shiru."

Ƙarƙashin ɓawon kore ne shar, da danshi.

A sati na biyar toho ya fito, ƙanana kamar kan allura, a gefen da allin yake. Ba ta kira kowa ba. Ta dai ɗauko kwalba ɗaya daga saman kabad, ta soya kifi da albasa, ta yayyanka lemon gishirin a kai, ta aika wa Baba cewa abinci ya sauka. Ya ci, ya ƙara, sannan ya fita tsakar gida wanke hannu. Ya daɗe bai dawo ba. Da na leƙa, yana tsaye gaban bishiyar, ya sa tabarau yana ƙirga tohon.

Da bango ya bushe mai fenti ya dawo, da burodi a leda kamar yadda ya yi alkawari. Gwaggo ta karɓe ta haɗa masa shayi. Shuɗi mai haske ta zaɓa. Damina biyu ke nan bai kumbura ba. Kujerarta kuma ta bar wajen taga, ta koma bakin ƙofa, inda iska ke kawo ƙamshin furen.