Shanun Inna Hajo

Malamin adabi ya dawo mini da takardata ba maki, kuma na ji haushi. Da jikokina na koma makaranta, ban zo don sa'an ɗana ya koya mini gane mai laifi ba. Wani wasan kwaikwayo na Girkawan dā ya ba mu, ya ce mu yi rubutu kan zaɓin da jarumar ta yi. Layi uku na yi: ta yi laifi, ta ga sakamako. Ya ce, "Hajiya, hukunci kika yanke. Fara rubuta hujjar kowane ɓangare kamar ke ce lauyarsa. A irin wannan wasa duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa yake da ciwo."

Maganar nan ta mayar da ni Falgore, kakar da na cika shekara tara. Aikina korar tsuntsu ne, a kan ɗan gadon da aka kafa tsakiyar gona, ina kaɗa gwangwani har muryata ta dushe. Daga can na hango shanu sun keta shinge sun faɗa dawar maƙwabcinmu Baba Sule, wadda ake shirin yankewa. Na san shanun har da sunayensu. Na rugar su Inna Hajo ne, matar da ta shayar da ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Nono ɗaya muka sha da 'yarta Dije, tare muke 'yar carafke, tare muke tsintar kanya a bakin daji.

A ƙofar gidan mai gari aka tsayar da ni. Ga Baba Sule zaune, abincin shekararsa ya tafi. Mahaifina ya ce, "Abin da idonki ya gani, shi kaɗai." Na faɗa. Aka ci su Inna Hajo tara, kafin damina suka tashi. Inna Hajo ba ta zage ni ba. Ƙwaryar da take zuba mini kindirmo ta bari a bakin zaurenmu, a kife.

Tun daga ranar nake ganin kaina maciyiyar amana. Dije tana sayar da nono a kasuwar Tudun Wada yanzu, shekara da shekaru ina kewaye layinsu.

Na zauna na yi yadda malam ya ce, amma ba kan Girkawa ba. Hujjar Baba Sule ta cika shafi. Ta Inna Hajo ma ta cika. Na nemi mugu ban samu ba, har yarinyar kan gadon. A zamaninmu babu wanda ya zaunar da yaro ya gaya masa ana iya yin daidai kuma a yi rashi.

Washegari kasuwa ke ci. Na shiga layin masu nono, na durƙusa gaban ƙwaryar Dije, na ce, "'Yar'uwa, dama mini."

Ta dube ni, sannan ta jawo ludayi. "Har yanzu mai kauri kike so?"